Daga Ramin Kashin Shanu Zuwa Kujerar Shugaban Jami'a

Daga Wakilinmu Na Arewa

In ka je Udubo, cikin ƙaramar hukumar Gamawa ta Jihar Bauci, ka sami dattijo a ƙofar gidansa ka ce masa ɗansa zai tafi jami'a karatun Kemistiri, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ɗan kanti mai kwalabe jere, da allura, da ƙwayar zazzaɓi. Watau kemis. Ba kuwa laifinsa ba ne, sunayen ne suka yi kama. Na san kuma cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun akwai masu wannan zato da yawa, har wani ya kan ga cewa asarar kuɗi ce a kashe wa yaro shekara huɗu a jami'a don ya komo ya sayar da magani, alhali ga ɗan maƙwabci ya koya wajen ubangidansa cikin shekara biyu.

To, jama'a, Kemistiri ba kemis ba ne. Shi ne ilmin sanin abin da Allah ya haɗa kowane abu da shi, da kuma yadda wani abu kan rikiɗa ya zama wani in an gauraya shi, ko an dafa shi, ko an bar shi ya ruɓe. Kakanninmu sun daɗe suna aiki da shi ba su ba shi wannan suna ba. Marinin Ƙofar Mata a Kano da ke zuba baba da toka da katsi cikin karofi ya jira kwanaki kafin ya tsoma zane, da majemin da ke jiƙa fata cikin ruwan bagaruwa, da tsohuwar da ke tace toka ta dafa da mai ta sami sabulu, duk aikin Kemistiri su ke yi. Abin da ɗan makaranta ya fi su shi ne awo da rubutu. Shi ba ya cewa a zuba kaɗan, sai ya faɗi ko nawa ne, ya kuma rubuta abin da ya biyo baya don wani ya gwada ya gani.

Dalilin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani abu da ya faru a Sakkwato wanda ban ji an kula da shi sosai ba.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa cikin 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka kuma sake mata suna cikin 1988, ta fara ne a hannun malamin Larabci, Farfesa Shehu Galadanci. Bayansa masanin tarihi ya riƙe ta, Farfesa Mahdi Adamu. Daga 2004 zuwa 2009 masanin siyasa ne, Farfesa Tijjani Muhammad Bande, wanda daga baya ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma tun da Bande ya sauka, mutum huɗu da suka hau kujerar a jere duk daga ɗakin gwaje-gwaje suka fito. Farfesa Riskuwa Arabu Shehu, 2009 zuwa 2014, masanin sinadaran jikin mai rai ne. Farfesa Abdullahi Abdu Zuru, 2014 zuwa 2019, malamin Kemistiri ne. Farfesa Lawal Suleiman Bilbis, 2019 zuwa 2024, fanninsu ɗaya da Riskuwa. Sa'an nan cikin 2024 aka naɗa Farfesa Bashir Garba, shi ma malamin Kemistiri, na ɓangaren da ke kai ilmin ga aikin yau da kullum.

Wannan na ƙarshen shi za mu bi sawunsa, domin hanyarsa ta fi ta sauran lanƙwasa, kuma ta fara ne daga wurin da mutumin Udubo ya sani sarai, watau garke.

Aikin Kashin Shanu

Cikin 1982 Gwamnatin Tarayya ta kafa wata cibiya a Jami'ar Sakkwato don binciken makamashi, musamman na hasken rana, tun da dai rana ba ta yi wa Sakkwato rowa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shugabance ta shi ne Farfesa Abubakar Sani Sambo, injiniya, wanda mutanen Bauci suka sani domin shi ya riƙe Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1995 zuwa 2004. A wannan cibiya da sashen Kemistiri na jami'ar ne Bashir Garba da Abdullahi Zuru da wasu abokan aikinsu suka yi shekaru suna auna kashin dabbobi.

I, kashin dabbobi na ce. Kada mai karatu ya yi dariya tukuna.

Ga yadda abin ya ke. In aka dama kashin shanu ɗanye da ruwa, kusan awo ɗaya na wannan awo ɗaya na wancan, aka zuba cikin rami da aka shafe da siminti aka rufe shi ruf yadda iska ba za ta shiga ba, sai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su kama cinsa. Cikin cin nan su ke fid da wata iska. Fiye da rabin iskar nan ita ce wadda masana ke kira mitan, mai kama wuta, sauran kuwa yawancinta irin wadda mu ke fitarwa ce in mun yi numfashi. Sai a ja ta da ɗan bututu zuwa murhu. Wutarta shuɗiya ce, ba hayaƙi, ba ta baƙanta tukunya. Abin da ya rage a ramin kuma taki ne, kuma ya fi wanda aka bari a rana kyau. Mutanen Indiya da na Sin sun gina irin waɗannan ramuka miliyoyi a ƙauyukansu.

Faɗi ke da sauƙi. Tambayoyin da malaman nan suka zauna a kai su ne irin waɗanda mai gida zai yi kafin ya sayi siminti. Ruwa nawa za a zuba? In ya yi kauri yaya, in ya tsinke yaya? Kwana nawa za a jira? Na doki ya fi ba da iska, ko na akuya, ko na tunkiya? Me ya sa ramin kan yi sanyin jiki da hunturu? Cikin 1996 Bashir Garba ya buga sakamakon wani bincikensa a wata mujallar masana ta ƙasashen waje a kan yadda zafi da yawan kwanaki ke ƙara ko rage iskar. Ƙwayoyin nan dai sun fi son ɗumi kusan irin na jikin mutum, kuma akan ba su mako uku zuwa shida kafin su gama da abin da aka zuba musu.

Irin waɗannan rubuce-rubuce su ne tsanin malamin jami'a. Wannan ne abin da mu na waje ba mu cika ganewa ba. Mu kan zaci iya koyarwa ke ɗaukaka malami. A jami'a kuwa, ko da ɗalibai na rububin shiga ajinka, in ba ka yi bincike ka buga ba, nan za ka tsufa.

Matakai bakwai ne. Yaro mai digirin farko wanda ya yi zarra akan riƙe shi a sashe a matsayin mai koyon aiki. In ya yi digiri na biyu ya zama mataimakin lakcara. Daga nan lakcara mai daraja ta biyu, sai ta ɗaya, sai babban lakcara, wanda da wuya a kai shi ba tare da digirin Dokta ba. Sai mai jiran gado, sai Farfesa, wanda dattawanmu ke kira Shehun Malami. Tsakanin mataki da mataki akan yi aƙalla shekara uku, kuma a biyun ƙarshe sai an tattara duk abin da mutum ya rubuta an aika wa waɗansu Farfesoshi na wasu jami'o'i, a asirce, su duba su ce ya isa ko bai isa ba. Wanda ya fara yana ɗan shekara 25, in komai ya tafi daidai, yana iya kaiwa ƙarshe bayan ya ba 40 baya. Da yawa ba su kaiwa.

Daga Aji Zuwa Ofis

Ana cikin hawan nan ne ake fara jarraba mutum da riƙon jama'a. Yau a ba shi kula da jarrabawar sashe, gobe shugabancin sashen, jibi na tsangaya ko na wata cibiya. Bashir Garba ya riƙe cibiyar makamashin nan da ya yi bincike a cikinta. Daga nan sai hanyarsa ta fita daga harabar jami'a. Ya shugabanci Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Sakkwato. Cikin 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya naɗa shi Sakataren Gwamnatin Jiha, watau mutumin da duk takardun gwamnati ke bi ta teburinsa. Bayan haka ya yi Kwamishinan ilmi mai zurfi, ya kuma riƙe Jami'ar Jihar Sakkwato, kujerar da wani abokin aikinsa na sashen Kemistiri, Farfesa Sani Dangoggo, ya taɓa zama a kai. Sai cikin 2024 ya komo gida, jami'ar da ya yi koyarwa a cikinta, a matsayin shugabanta.

Shi kuwa Zuru, kafin ya riƙe Ɗanfodiyo sai da ya shugabanci jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi da ke Aliero, kuma cikin 2021 aka ɗauke shi Kwamishinan ƙasa a Hukumar Zaɓe. Bilbis shi ya buɗe Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi cikin 2013. Riskuwa kuma Kanawa ba za su manta da shi ba, shi ne Kwamishinan zaɓe na Jihar Kano a zaɓen 2019.

A nan ya kamata in warware wani ruɗani. Jami'a tana da Uba, wanda galibi babban basarake ne daga wani sashe na ƙasa, aikinsa ya zo ranar yaye ɗalibai ya sa alkyabba ya miƙa digiri. Tana da Hukumar Gudanarwa mai nata shugaban. Amma mai ɗauke da kayan kullum shi ne wanda mu ke kira Shugaban Jami'a, wanda jaridun da kan rubuta Mataimakin Shugaba saboda yadda sunan ya ke a Turance. A jami'o'in Tarayya doka ta ba shi shekara biyar, sau ɗaya tak, ba ƙari. In wa'adi ya kusa akan buga talla a jarida, Farfesoshi su nema, kwamitin haɗin gwiwa na Hukumar Gudanarwa da Majalisar Malamai ya tace su ya gana da su, sa'an nan Hukumar ta zaɓi ɗaya. A da sai an kai wa Shugaban Ƙasa sunaye uku ya ɗauki wanda ya ga dama. Yanzu a takarda an bar wa Hukuma. Na ce a takarda, domin kowa ya san ba a rasa masu buga waya da dare, kuma 'yan shekarun nan an ga jami'o'in da naɗin ya kai su gaban kotu ko ya sa aka rushe Hukumar ɗungum.

To me ya sa mutanen ɗakin gwaji ke yawan cin wannan takara? Ni dai ga abin da na gani. Malamin Kemistiri tun yana ƙarami ya saba da neman kuɗi da lissafinsu, domin shi alli da allo ba su ishe shi ba. Sai da kwalabe, da ruwan asid, da gas, da ruwan famfo, da wutar lantarki, da ma'aikacin da zai kula da su. Ya saba da rubuta takarda yana roƙo, ya saba da a ce masa babu. Kuma ajinsa mashiga ce: duk mai son zama likita, ko mai haɗa magani, ko injiniya, ko malamin gona, sai ya bi ta hannunsa a shekarar farko. Saboda haka kafin ya tsufa rabin jami'a ta san shi. Ban ce wannan ya sa sun fi masu Larabci ko tarihi iya mulki ba. Galadanci da ya kafa harsashin ai ba ya auna asid.

Ba kuma a Sakkwato kaɗai ba ne. Jami'ar Bayero ta Kano ta yi Farfesa Bello Baƙo Dambatta daga 1995 zuwa 1999, kuma cikin 2025 ta sake ɗauko wani daga sashen, Farfesa Haruna Musa. Can baya Farfesa Emmanuel Emovon ya bar sashen Kemistiri na Badun ya riƙe Jami'ar Jos daga 1978 zuwa 1985, Farfesa Donald Ekong kuma shi ya fara riƙe ta Fatakwal. Mutanen Obalende kuwa sai su tuna cewa a nan unguwarsu, a makarantar 'yan mata ta Holy Child, wani saurayi Bakatsine mai digirin koyar da Kemistiri daga Zariya ya yi hidimar ƙasa cikin 1975 zuwa 1976. Sunansa Umaru Musa 'Yar'aduwa. Shi tasa kujerar ta wuce ta jami'a.

Kujerar Ba Ta Da Laushi

Wanda ya ga motar Shugaban Jami'a da tuta sai ya ce ya huta. Bari mu duba abin da ya sami waɗannan huɗun. Riskuwa bai daɗe da hawa ba, cikin Satumba 2010, ambaliyar kogin Rima ta cinye gadar da ta haɗa mazaunin jami'ar na Dundaye da birnin Sakkwato, malamai da ɗalibai suka koma shiga kwalekwale ko dogon zagaye. Bilbis a cikin shekarunsa biyar ya ga cutar Korona ta rufe makarantu, ya ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i na wata tara cikin 2020, ya kuma ga na wata takwas cikin 2022. Shi kuwa Bashir Garba ya hau ne a shekarar da aka ninka kuɗin lantarki na manyan masu sha fiye da sau uku, a watan Afrilu 2024, har jami'o'i a ko'ina cikin ƙasa suka yi ta kukan ba za su iya biya ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana binciken makamashi mai arha, ga shi takardar kuɗin wuta na jiransa a tebur.

Ga albashi ba a hannunsa ya ke ba, daga Abuja ya ke zuwa. Manyan gine-gine kuma yawanci sai asusun TETFund ya ba da. Abin da ke hannunsa shi ne ruwan sha, da ɗakin kwanan ɗalibai, da tsaro, da ɗaruruwan takardun manya masu neman a ɗauki 'ya'yansu. In ya ƙara kuɗin makaranta ɗalibai su tashi, in bai ƙara ba injin wuta ya tsaya.

Akwai kuma wata asara da ba a cika faɗi ba, ni kuwa ita ta fi damuna. Duk ranar da aka naɗa gwanin malami wani muƙami, a ranar aji ya yi rashi. Ana shekara ashirin ana gina mutum har ya zama Farfesa, lokacin da ya kamata ƙanana su sha daga gare shi sai a ɗauke shi a ba shi fayil. Wani ya kan yi ƙoƙari ya riƙe darasi ɗaya ko ɗaliban Dokta biyu-uku, amma wanda ya kwana a taron Hukuma ba zai wayi gari yana wanke kwalabe ba. Kudu tana da Farfesoshin da in an ɗauki ɗaya goma na nan. Mu namu ƙidayayyu ne, ga shi kuwa kowace jiha tana buɗe jami'a, kowace jami'a tana son shugaba da mataimaka da shugabannin tsangaya.

Shi kansa aikin kashin shanun ina ya kwana? An yi awo, an buga takardu, waɗanda suka yi sun zama manya. Amma in magariba ta yi a Udubo, shanu na komowa daga kiwo, hayaƙin kara da itace da busasshen kashin shanu ne ke tashi daga madafai, matan gida na sharar hawaye, itacen kuma kullum sai an ƙara nisa kafin a samo. Ba zan ɗora wa malaman laifin duka ba. Ramin yana son siminti da magini wanda ya iya, yana son ruwa kullum a ƙasar da ake sayen ruwa da rani, yana kuma son shanu huɗu ko biyar da ke kwana wuri ɗaya, alhali namu rabin shekara suna tafiya. Waɗannan ba matsalolin da za a warware cikin kwalba ba ne, na gwamnati ne da masu kuɗi. Sai dai kuma mutum zai ce, to ai ga shi masu binciken sun shiga gwamnatin, sun riƙe manyan kujeru. Wannan tambaya ce da ya dace a yi musu, cikin ladabi.

Yaron Udubo Fa?

Yau ƙasar Katagum ba ta rasa makarantu ba. Ga Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh a Azare mai horad da malamai, ga jami'ar jiha a Gadau wadda yanzu ke amsa sunan Sa'adu Zungur, ga kuma Jami'ar Tarayya ta kimiyyar lafiya da aka kafa a Azare cikin 2021. Yaron da a da sai ya tafi Zariya ko Maiduguri, yanzu yana iya karatu ya zo gida Juma'a.

Amma ƙofar duk waɗannan tana sakandare. Ana son yaro ya ci darasi biyar da kyau, cikinsu da Turanci, da Lissafi, da Kemistiri, da Fiziks, galibi da ilmin halittu, sa'an nan ya ci jarrabawar JAMB. Jarrabawar Kemistiri kuwa tana da ɓangaren aiki da hannu. Akan ba yaro wani dogon bututun gilashi mai lambobi da ɗan famfo a gindi, ya cika shi da asid, ya riƙa ɗigawa cikin wani ruwa har launinsa ya juya daga rawaya zuwa ja-ja, ya rubuta inda ya tsaya. Ɗigo ɗaya in ya wuce, lissafi ya ɓaci. A makarantar da na yi, ban taɓa riƙe wannan bututu ba sai ana saura mako guda jarrabawa, aka aro guda shida daga wani gari, mu kuwa mun fi sittin. Malaminmu ɗan hidimar ƙasa ne, yana ta ƙoƙari, wa'adinsa na cika ya tafi. A ajinmu akwai yaron da ke haddace duk abin da aka rubuta a allo, ranar nan hannunsa na rawa ya buɗe famfon gaba ɗaya. Yanzu yana sayar da albasa a Ikko, watakila ma yana karanta wannan shafi.

Saboda haka ku da ke aiko da kuɗin makaranta daga Kurmi, in kun zo gida da Salla, kada ku tsaya ga duba takardar sakamako kawai. Ku taka zuwa makarantar. Ku ce a nuna muku ɗakin gwaji, a buɗe shi, ku ga ko akwai ruwa a famfon, ko kwalaben na da wani abu a ciki. Ku tambayi sunan mai koyar da Kemistiri, da abin da ya karanta, da ko zaunanne ne ko mai wucewa. In kuna da ƙungiyar 'yan gari a Agege ko Shagamu, kuɗin da ake tarawa na taron shekara zai sayi bututun nan dozin biyu da abin zubawa a ciki, har a sami canjin da za a ƙara wa malamin na mota daga Azare.